Da Sauƙi

Tun ranar da injin matsar man gyaɗa ya cinye wa Lawwali babban yatsa da manuni na hannun dama, ko ƙeyar Manaja Tajuddeen ba a gani ba a Wonaka. Sai da ya ji an kai maganar diyya ofishin ma'aikata a Gusau, sannan zumunci ya motsa masa. Sai ga shi da hantsi riƙe da ledar lemo, yana tattare ƙafar wando kamar an ce masa gidan kwata ne.

Huseina, matar Lawwali, ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa, ta koma bayan ƙyaure ta tsaya. Ko kallon ruwan bai yi ba. Hannun da ke naɗe cikin bandeji ma bai ishe shi kallo ba. Wayarsa ya danna, ya ɗora a gwiwa.

"Malam Lawwali, ya jikin?"

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi."

"Ka ce da sauƙi ko? Ɗan ɗaga murya."

"Da sauƙi, ranka shi daɗe."

To, me kuwa zai ce? Haka aka koya wa kowa tun yana goye. Amma mutumin ko loma ba ya iya kaiwa baki da hannun, balle ya riƙe fartanya. Ga damina ta ƙarato. In diyyar nan ba ta fito ba, gonar da ya gada a Furfuri za a sayar, har masu tayi sun fara zagayen ta.

Manaja ya gyara zama ya fito da abin da ya kawo shi. Wai kamfani yana son takardun Lawwali na asibiti. Ba na hannun kaɗai ba, duka, tun daga zazzaɓin farko da ya taɓa kai shi gaban likita. Ya zaro wata takarda, ya ce a dangwala kawai, su za su je su karɓo, don a hutar da majiyyaci. Ji tausayi.

Huseina ta gane inda aka dosa. Shekarun baya Lawwali ya taɓa faɗuwa a wajen aiki, ana tsakar azumi, suna sauke gyaɗar da aka kawo daga Bilbis. So ake a tono wannan a raɗa masa suna farfaɗiya, a ce shi ya faɗa wa injin, ba injin ne aka bari babu murfi ba. Ita kuwa wata nas ta riga ta gaya mata, ba mai taɓa katinsa na asibiti sai da yardarsa.

Ta ce daga bayan ƙyaure, "Yallaɓai, hannu injinku yac ci ko tarihi? Takardun hannu mu kai su ofis da ƙafarmu. Sauran ba naku ba ne."

Manaja ya tashi yana kakkaɓe riga. Har ya ɗauki ledar lemon, sai ya tuna, ya ajiye.

Ranar zama a ofishin ma'aikata, tun a mota Huseina take yi wa mijinta bita. "Malam, don girman Allah, in an tambaye ka, ka ce babu sauƙi."

"Haba Huseina. In yi ma Allah butulci? Wani hannun duka yat tafi."

"Ba butulci ba ne, gaskiya ce."

Ya juya yana kallon taga. Haushi ya cika ta, ga tausayinsa kuma ya hana ta ƙara magana.

Jami'ar da ke sauraron maganar wata dattijuwa ce, Hajiya Asabe. Manaja ya miƙe ya zuba bayani, rabi Hausa rabi Turanci, yana yi yana kallon kansa a gilashin taga. Ya ce sun nemi takardu an hana su, mai gaskiya kuwa ba ya ɓoye takarda. Sannan ya danna waya, muryar Lawwali ta cika ɗakin: da sauƙi, da sauƙi.

Hajiya ta juya. "Malam Lawwali, ya hannun yanzu?"

Ya saci kallon matarsa.

"Da sauƙi, Hajiya."

A ranta, Huseina har ta ga baƙo yana huɗa a gonar Furfuri. Manaja ya baza hannuwa yana murmushi, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro gaskiya.

Ta ce, "Hajiya, a ba ni izini." Ta dubi manajan ido cikin ido. "Yallaɓai, bara da mahaifinka ke kwance a Tsafe, Allah shi jiƙan shi, Malam ya bar aiki ya tai dubiya. Ya tambaye shi jiki. Mi yac ce?"

Murmushin ya ɗauke.

"Da sauƙi yac ce. Kafin la'asar anka yi mashi sutura. Me ya hana ka danna waya rannan?"

Hajiya Asabe ta sunkuya tana gyara gilashi, ta daɗe tana gyarawa. Da ta ɗago ta ce takardun da suka shafi hannun kaɗai za a nema, su ma sai mai hannun ya yarda. Ta tura takardar izini gaban Lawwali.

Manaja, don kada a ce ya tashi a tutar babu, ya yi caraf ya jawo tawada ya buɗe. "To, a dangwala. Da babban yatsan dama, yadda doka ta ce, kada gobe a yi musu."

Lawwali ya kama bakin bandejin da haƙori, ya warware shi a hankali, ya ɗora hannun a kan tebur. Ya dubi manajan cikin ladabi, babu ko alamar gatse.

"Ai shina wurinku, ranka shi daɗe. Ban fito da shi ba."

Hajiya Asabe ta jawo biro ta fara rubutu, ba ta ƙara tambayar kowa komai ba.