Cefanen Malam Toma

"Baba, ni dai ga ni a bayan gidan mai. Waya ta ce na iso."

"To sai ka miƙa wa wayar kayan ta shigo da su," in ji Malam Toma.

Mai babur ɗin ya yi irin dariyar da ake yi wa tsofaffi, ta ladabi, wadda ba ta kai ciki. Sunansa John, haka aka rubuta a fuskar wayar, tare da hotonsa yana murmushi kamar mai neman ƙuri'a.

Malam Toma yana tsaye a gindin gwaibar tsakar gida, domin nan kaɗai magana ke shiga ba ta yanke ba. Ya fara kwatance yadda ya saba koyar da tarihi a sakandare kafin ya yi ritaya, daga tushe. Ya faɗi sunan layi. Ya faɗi lambar da hukuma ta taɓa rubutawa da jan fenti a bangonsa. Ya ce gidan yana kallon gabas.

"Baba, wa ya san lamba a Fadaman Mada? Babu mai shayi a kusa? Ko injin niƙa?"

Akwai mai shayi, akwai injin niƙa. Bai san sunan ko ɗaya ba. Liatu, matarsa, ita ce ta san sunan kowa a layin, da na 'ya'yansu, da ciwon da ke damun kowa. Ta rasu bayan bikin Ista, ta tafi da sunayen gaba ɗaya.

"Ka shigo layin bayan firamare," ya ce, "ka tambayi gidan da aka yi rasuwa. Kowa zai nuna maka."

Bai yi tunani ba kafin ya faɗa. Haka ya gaya wa dangin da suka zo daga Bogoro, da matan zumunta na coci, da mai kawo kujerun haya, kuma ba wanda ya taɓa ɓata.

Ya koma ɗaki ya zauna yana jira.

Wannan cefane ba shi ya nema ba. 'Yarsa Cecilia, ma'aikaciyar jinya a Abuja, ita ta zo a watan jiya ta buɗe firij, ta tarar da gorar ruwa da rabin albasa. Ta dubi wandonsa da ya ɗaure da sabon rami a bel. Ba ta yi kuka ba, ai aikinta ya hana ta wannan. Cewa ta yi ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta, a hawa na uku, akwai taga mai kallon titi. Ya hango kansa a bakin tagar, an yi masa wanka an shafa masa mai, yana kallon motoci, jikoki suna amsa masa Hausa da Turanci. Ba wai yana ƙaunar gidan nan ba ne. Rufin yana zuba ta kusurwar kicin, famfo sai ya ga dama. Amma a nan idan ya zauna shiru ba mai tambayarsa me yake tunani.

Kasuwa kuwa sau ɗaya ya gwada. Ya shiga kasuwar Muda Lawal da jakar Liatu a hannu. Mai tumatir ta gane jakar kafin ta gane shi. Ta yi masa ta'aziyya, ta miƙa shi ga mai manja, mai manja ya miƙa shi ga mai kifi, kowa da labarin ranar da ya gan ta ta ƙarshe. Ya dawo gida da jakar wayam da addu'o'in da ba a miya da su.

Sai Cecilia ta kawo shawarar sulhu. Akwai wani kanti a Wunti da ake yi wa oda ta waya, su kawo har ƙofa. Ita za ta zaɓa daga Abuja ta biya, shi nasa buɗe ƙofa kawai. Cefanen farko ya iso da ƙwai a farfashe, kuma da yake kukar miya ta ƙare musu, sai suka maye gurbinta da ganyen shayi, tunda a ganin na'urarsu duka ganye ne. Na biyu bai iso ba sam. Saƙon ban haƙuri ne ya iso, cikin Turanci mai kyau ƙwarai, har ya karanta sau biyu bai sami kuskure ba.

"Baba, wannan ne na ƙarshe," Cecilia ta ce da safiyar nan. "In bai yi ba, ranar Asabar zan turo mota ta ɗauko ka. Ba faɗa nake yi ba."

"Na sani. Da faɗa ne da na ci."

Ana kiran azahar wayar ta yi ƙara. An kai kaya, in ji ta. Har da hoto: ƙaramin buhun shinkafa, galan na man gyaɗa, doya, kwandon tumatir da attaruhu, da leda biyu cike, an jingine su a jikin shuɗin bango. Ya fita ya buɗe ƙofa. Akuyar wani ce kawai a kwance a inuwa. Ya waiwaya ya dubi bangonsa, ko da yake ya san launinsa. Rabonsa da fenti tun auren Cecilia.

A ƙasan hoton akwai wurin dannawa biyu. Kore na cewa an karɓa, ja na cewa ba a karɓa ba. Duk wanda ya danna, a wayar Cecilia zai fito.

Ya koma gindin gwaiba ya kira John.

"Ai na kai, Baba. Gidan rasuwa, kamar yadda ka ce. Har addu'a aka yi mini."

"Wane gidan?"

"Na kafinta. Ga rumfa, ga tabarmi, mutane cike. Na ce daga Malam Toma. Suka ce Allah ya saka."

Jiya da hantsi Malam Toma ya ji salati daga ƙasan layi, da muryoyin mata. Ya tuna ya miƙa hannu ya ƙara muryar rediyo.

"Ni ma an yi mini rasuwa," ya ce.

"Ayya. Yaushe, Baba?"

"Bayan Ista."

Iska ta yi ta kaɗawa a wayar, da ƙarar keke-napep yana wucewa.

"Allah ya ji ƙai. Amma Baba, ai wannan ta kwana biyu. Ni da na ce gidan rasuwa, mutum uku na tambaya, duk can suka nuna."

"Ka koma ka karɓo."

"Baba, ka yi mini rai. In shiga gidan makoki in ce a fito mini da doya? Ko korata za a yi daga aiki, ba zan iya ba. Ni ma ina da uwa."

Malam Toma ya kashe wayar. Ya tsaya yana jiran haushi ya zo, ko kunya, ko wani abu. Ba abin da ya zo. Ya lura dai gwaibar ta fara 'ya'ya, tsuntsaye kuma sun riga shi sani. Ashe unguwa ta yi sabuwar rasuwa, tasa ta tsufa, ba wanda ya aiko ya gaya masa.

Ya sa riga mai tsabta da hula. A hanya ya shirya maganarsa, gajera, mai kan gado: an yi kuskure, yaron kanti bai san gari ba, a yi haƙuri. Ya taɓa tsayawa gaban sufetocin ilimi bai yi inda-inda ba. Gida shida ne tsakani.

Takalma ya fara gani, jibge a bakin tabarmi. Sai rumfar, sai shuɗin bango. Bappah kafinta, wanda matarsa ce ta rasu, yana zaune a tsakiya ya jingina da bango, hannayensa a kan gwiwa, tafukan suna kallon sama kamar an ce ya riƙe wani abu an manta ba a ba shi ba. Shekaru suna gaisawa daga nesa, ɗaga hannu kawai. Lokacin rasuwar Liatu Bappah ya zo ya zauna a kujerar roba a waje, yini guda, bai ce komai ba, da yamma ya tashi ya gyara ƙafar wani benci da ke rawa ya tafi. Malam Toma ya san wannan fuskar da yake gani yanzu. Yana aske irinta kowace safiya.

"Ga Malam ɗin nan da kansa," wani ya ce.

Aka matsa masa wuri. Ya cire takalmi ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara kowa ya ji.

"Ya haƙuri, Malam Bappah?"

"Da godiya."

"Allah ya ji ƙanta."

Aka amsa da amin daga kowane gefe. Wani dattijo mai farin gemu, wanda aka ce wan marigayiya Halimatussa'adiyya ne, ya kamo hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki.

"Malam, mun ga saƙo. Wallahi akwai waɗanda muka fito ciki ɗaya da su, ko ƙullin gishiri ba su kawo ba. Kai ga ka, ba addini ɗaya ba, ba dangi ba." Ya juya ga jama'a. "Shinkafa, mai, doya. Kuma bai zo da kansa a gan shi ba, aikowa ya yi."

Kawuna suka gyaɗa. Maganar da Malam Toma ya shirya tana nan a bakinsa, daidai yadda ya tsara ta. Daga cikin gida ƙamshin albasa a cikin mai ya fito ya ratsa rumfar. Man mai kyau ne. Cecilia ba ta sayen na banza.

Ba a jima ba aka fara fito da farantai. Aka ajiye ɗaya tsakaninsa da Bappah, shinkafa da miyar tumatir, da cokali biyu. Dattijon ya koma wajen wasu baƙi da suka iso daga Gwallaga, hayaniyar gaisuwa ta koma can.

Bappah bai taɓa cokalin ba. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan farantin.

"Cefane yaron ya ce. Na ji shi da kunnena. Cefanen Malam Toma, bai ce gaisuwa ba. Na so in yi magana, bakina ya yi nauyi. Kafin in ɗago mata sun shige da shi."

"Gaisuwa ce."

"Da maganin sauro a ciki? Da man goge baki?"

"Masu makoki ma sauro yana cizon su."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Bappah, ya koma.

"In an watse zan aiko maka da abin da ya rage."

"Ba abin da zai rage. Na ga dangin naka."

"Nata ne."

"Su nake nufi."

Malam Toma ya ɗauki cokali ɗaya ya miƙa masa ta wajen mariƙi.

"Ba za ka ji ɗanɗano ba. Ka ci haka nan."

Bappah ya karɓa. Ya kai loma ɗaya, ya daɗe yana taunawa.

"Malam, kai da ka riga ni. In mutanen nan suka naɗe tabarminsu, me ake yi?"

Malam Toma ya karanta littattafai da yawa a kan wannan, na masu wa'azi da na waɗanda ba su yarda da wa'azi ba. Ya duba cikinsu a ransa.

"Ana wanke kofi ɗaya, ba biyu ba," ya ce.

Bappah ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin katako.

Wayar ta yi ƙara a aljihu. Cecilia ce. Ya juya gefe ya kare bakinsa da hannu.

"Baba, ba ka danna komai ba. Sun nuna mini an kai. An kawo kuwa?"

"An kawo."

"Komai da komai? Ba su sake canza wani abu ba?"

"Shinkafar dai shinkafa ce. Ita nake ci."

"Kai ka dafa?"

"Maƙwabta."

"Wace hayaniya nake ji?"

"Mutane ne."

Ya ji ta ja numfashi, irin wanda take ja tun tana ƙarama in tana so ta hana kanta kuka.

"Kana cikin mutane, Baba?"

"Har sun yi yawa."

"To. To, shi ke nan. Bari in gaya wa direban ya bari tukuna. Ka danna koren, don su san an gama."

Ya riƙe wayar nesa da ido yadda zai gani. A gida akwai gorar ruwa, da ganyen shayin da aka kawo a madadin kuka. Oda ta gaba sai ƙarshen wata. Ya sa babban yatsa ya danna kore. Wayar ta yi masa godiya, ta tambaye shi taurari nawa zai ba su cikin biyar. Ya ba su uku, makin da yake ba ɗalibin da ya sami amsa daidai ta hanyar da ba ita ba.

Ya mayar da ita aljihu. Bappah ya ture masa naman da ke gefensa na farantin, shi kuma ya ture masa shi ya koma.

"Gobe doyar za su dafa," in ji Bappah.

"Da me?"

"Ban sani ba. Ita ce take sanin irin wannan."

Malam Toma ya tauna, ya ji tsakuwa, ya fitar da ita ya ajiye a bakin tabarma.

"Ƙarfe nawa ake fito da tabarmin?" ya ce.