Farfelar Gaba

Manaja ya sake danna maɓallin ƙafa huɗu. 'Yar koriyar fitila ta kama a gabansa, da zanen tayoyi huɗu reras. Ya taka totur. Tayoyin baya suka yi ta wulwulawa suna watsa taɓo, na gaba kuwa ko motsi, kamar baƙin da aka gayyato kallo.

"Mun iso ne?" in ji Inna daga kujerar baya.

"Saura kaɗan, Inna."

Da safe da ya shigo ƙauyensu don ɗaukar mahaifiyarsa, hanyar a bushe take. Yana shan shayi aka sako ruwa. Yau ne za a cire mata yanar ido, kuma likitan baƙo ne, da azahar zai rufe ya koma inda ya fito. An ce wa Manaja ya bi ta doguwar hanya mai tsakuwa, ya yi dariya. Ai don irin wannan rana ya sayi motar: kujerun fata da sanyi don cikin gari, ƙafa huɗu don daji. Babu abokin aikinsa da bai sha wannan lacca ba.

Ya naɗe wando ya fito, ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi. Bai san mota sosai ba, amma ya san gurbin da babu komai a cikinsa. Ya kira bakanikensa a waya.

"Yallaɓai, kana ina?"

"Ina cikin taɓo. Na sa ƙafa huɗu, gaba ba ya ja."

Ana jin ƙarar guduma daga can cikin gareji.

"To, ai ba zai ja ba, Yallaɓai. Babu farfelar gaba. Ƙarfen nan da ke kai wa tayoyin gaba ƙarfi."

"Ina ta tafi?"

"Madam ba ta gaya maka ba? Tun bara, lokacin da ka yi tafiya. Ta ce motar na gurnani tana girgiza mata baya in za ta kai yara makaranta. Na ce farfelar ce, gyaran zai ɗau lokaci, ta ce in babu ita motar za ta tafi? Na ce za ta tafi, har ta fi laushi."

"Amma fitila tana kamawa."

"Fitila ai aikinta kamawa, Yallaɓai."

Manaja ya tuna ranar da ya dawo daga tafiyar, ya tuƙa motar ya ji ta lumui, ya yaba wa masu ƙera ta a gaban matarsa. Ya tuna ta ce, "Gaskiya sun iya." Tana yanka albasa a lokacin, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ya kira ta.

"Abban yara, kun kai?"

"Na yi magana da bakanike."

Ba ta tambayi a kan me ba. Ta ce, "Kai sau nawa kake shiga daji? Ni ce kullum a cikinta, ni da bayana. Da na tambaye ka, cewa za ka yi haka motar maza take."

"Inna na cikin motar."

Nan muryarta ta sauka. "Kuna daidai ina? Bari in turo ƙanena, gonarsa kusa take."

Ya koma ciki ya zauna. Kujerar ta karɓe shi da laushinta kamar kullum, sanyi na busawa, taɓo na bushewa a ƙaurinsa.

"Ƙarfen nan ne da aka cire?" in ji Inna.

Ya juyo. "Ke ma kin sani?"

"Ta gaya mini da na zo duba jikoki. Ta ce kada a faɗa maka, ranka zai ɓaci. Ni na ɗauka wani abin ado ne."

Rana ta fara karkata lokacin da surukin nasa ya ɓullo. Motarsa irin ta Manaja ce, sai dai tsohuwa, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaya da igiya aka ɗaure ta. Manaja ya san ta shekara da shekaru a kan duwatsu a bayan garejin bakanike, ana jiran wani ƙarfe da aka ce ba a samunsa. Yanzu ga ta ta ratso taɓon da tayoyi huɗu suna cizon ƙasa, ta tsaya a gefensa.

"Yaya, sannu da hanya," in ji surukin, yana kallon ko'ina ban da fuskarsa.

"Yaushe ta tashi?"

"Tun bara."

"Ka samu ƙarfen ke nan."

"Allah ya kawo, Yaya." Ya sunkuya yana kwance igiyar ja. "In ɗaura mu gwada?"

Manaja ya dubi agogo. Ya buɗe ƙofar baya, ya ɗauki Inna cak, ya taka taɓon da ita har tsohuwar motar, ya zaunar da ita a kan buhun da aka shimfiɗa inda soson kujera ya cinye.

"Bar igiyar," ya ce. "Kai ta asibiti. Kada ka tsaya ko'ina."

"Kai fa, Yaya?"

"Ka ce wa yayarka ta zo ta ɗauki motarta."

Ya ajiye makullin a kan kujerar direba, ya rufe ƙofa, ya kama hanya a ƙasa da takalmansa a hannu.