Sabon Inji a Rumfar Mama

Injin rumfar ya ƙone ranar Babbar Sallah, a wata gona da ke kudancin Maryland, kuma rago ne sanadi.

Rumfar a jikin mota take, motar kuwa ta Katung ce, ma'aikacin jinya ɗan Kagoro da ke zaune a garin Clinton. Irin motar tafiya hutu ce, mai gado da kicin a ciki. Ya saye ta ta hannu da niyyar zaga Amurka da iyalinsa, aiki bai bar shi ba, sai ta zauna a ƙofar gida. A gefenta akwai rumfar tamfol da ke naɗe a jikin wani dogon bututu. Idan an danna maɓallin da ke bakin ƙofar motar, ƙaramin injin da ke cikin bututun sai ya warware tamfol ɗin, hannaye biyu na ƙarfe su miƙa shi waje.

Wannan rumfa ce ta riƙe mahaifiyarsa a Amurka. Ya ɗauko ta daga gida bayan ta samu shanyewar ɓarin jiki. A Kagoro a ƙofar gida take wuni, tana amsa gaisuwar masu wucewa. A Clinton ta tarar da gida rufe ruf, sanyin na'ura ke kaɗawa, ga likita ya hana ta zama cikin rana saboda magungunan da take sha. Sai da Pauline, matar Katung, ta buɗe rumfar ta ajiye mata kujera a inuwa, sannan Mama ta fara cin abinci sosai. Har mai kawo wasiƙu take gaisarwa da Hausa.

Mutum ɗaya ne a layin ke amsa mata yadda take so: Hamissou, direba ɗan Maradi. Kullum zai tsayar da motarsa, ya zo ya rusuna, su gaisa har a tambayi ruwan sama na garinsu. Shi ya sa da ya nemi aron motar don kai iyalinsa gonar da ake yankan layya, Katung ya miƙa masa makulli ba tare da tambaya ba.

Da yamma motar ta dawo, rumfar ɗaure da igiya.

"Likita, mun yi ɓarna," in ji Hamissou. Haka yake kiran Katung. "Gonar ta cika, ko'ina an rataye rago. Babu icce kusa. Sai muka ga bututun ga, tsawonsa daidai."

"Kun rataye rago a rumfata?"

"Mun rataye. Sai ya yi ƙasa, wuyansa na sharar ƙasa. Ƙanena Abdou ya ce a danna maɓalli, inji shi ɗaga muna shi kaɗan."

"Ya ɗaga?"

"Ya ɗaga kamar taki ɗaya. Sai muka ji ƙauri, kuma ba a kunna wuta ba tukuna."

Katung bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya duba hannayen ƙarfen, ya ga ba su lanƙwashe ba. Inji kawai ya mutu. Hamissou ya karanta lambar da ke jikinsa, ya yi odar sabo a wayarsa nan take.

Kafin injin ya iso, Mama ta koma ɗaki. An sa mata kujera bakin taga, ta ƙi. An sayo babbar laima, ta ce ita ba mai tallar gyaɗa ba ce. Ta daina motsa jikin da aka koya mata a asibiti, kwanon tuwo yana dawowa kamar yadda aka kai shi. Naman Sallah da matar Hamissou ta soya ta aiko, ko buɗe shi ba ta yi ba. Ranar Juma'a ta kira ɗanta.

"Ka saya mini tikiti. In zan kwanta a ɗaki ne, ina da ɗaki a Kagoro."

Katung ya san abin da ke Kagoro: babu mai juya ta, babu mai kai ta asibiti. Ya kuma san mahaifiyarsa. Idan ta maimaita maganar, ba ta sake janye ta.

Ranar Asabar da hantsi Hamissou ya zo da kwalin injin, da tsani biyu, da ƙannensa Abdou da Khalil, waɗanda suka rataye ragon. Pauline tana wurin aiki.

"Wanda ya ce a danna maɓalli shi zai riƙe wuri mai nauyi," in ji Hamissou.

"Da ya yi aiki, da yanzu kuna yabona," in ji Abdou.

Katung ya fara cire wayar batir. Suka kwance igiyar, suka jawo rumfar da hannu har rabi, suka ɗaure hannayen ƙarfen, domin idan aka saki bututu hannayen na iya zabura su fasa wa mutum baki. Abdou da Khalil suka tallabi bututun a kafaɗa. Katung ya hau tsani, ya kwance notin da ke riƙe kan injin, ya huda ƙusoshin murfin ɗaya bayan ɗaya da na'urar huda.

"Miƙo mini sifana."

"Wace ce sifana kuma?" in ji Khalil. "Lakile kake nuhi?"

"Ko me kuke ce mata a Maradi, miƙo ta."

Tsohon injin ya zaro da ƙyar, baƙi ƙirin a ƙarshensa, har yanzu yana ƙauri. Rana ta yi zafi. Gumi na zuba daga haɓar Abdou, ba shi da hannun sharewa. Suna ta gardama da ƙarfi a kan wanda ya fi laifi, ba wanda ya tuna da cikin gida.

Sai ƙofar gida ta buɗe. Mama ce tsaye, hannunta mai lafiya a kan keken dogarawarta, ta rataye jakar leda da gorunan ruwa a jikinsa. Daga gadonta zuwa firji, daga firji zuwa ƙofa, ita kaɗai ta yi tafiyar.

"Sannunku da aiki," ta ce. Ta juya ga ɗanta. "Maza suna aiki a ƙofarka, ba wanda ya ce musu sannu, ba wanda ya ba su ruwa. A gidan wa ka koyi haka?"

"Mama, rana."

"Su da ke cikinta fa?"

Hamissou ya sauko da sauri, ya rusuna. "Mama, ina kwana? Ya jiki? Mu ne masu laihi."

"Na ji labari. Ragon dai ya yi kitse?"

"Ya yi, Mama. Shi ne ma matsalar."

Suka kama ta a hankali suka zaunar da ita a matakalar ƙofar motar, inda rabin rumfar ya yi inuwa. Daga nan ta raba ruwan, ta sa Khalil ya ɗura wa Abdou a baki. Katung ya zura sabon injin cikin bututu, ya daidaita murfi, ya datse sababbin ƙusoshi, ya haɗa wayoyi biyu. Aka kwance hannayen ƙarfen, aka mayar da batir.

Maɓallin yana daidai kafaɗar Mama.

"Ke za ki danna," in ji Katung. "Na ƙasa shi ne buɗewa."

Ta danna. Rumfar ta fara naɗewa, inuwar tana guduwa daga ƙafafunta.

"Likita ya juya wayoyi," in ji Abdou, fuskarsa cike da jin daɗi. "A rubuta, ba ni kaɗai ba ne."

Katung ya sake cire batir, ya hau tsani, ya musanya wayoyin. Mama ta sake dannawa. Injin ya yi ƙara ƙasa-ƙasa, tamfol ya warware a hankali har ƙarshe, inuwa ta rufe su duka.

Ba wanda ya yi tafi. Khalil ya shiga gida ya ɗauko kujerarta, ya ajiye a wurin da ƙafafunta suka riga suka yi alama a ciyawa.

Katung ya raka Hamissou bakin titi da tsanin a kafaɗa. Ya jingina masa tsanin a jikin motarsa.

"Na gode," ya ce.

"Ni da na ɓata?"

"Ka kawo mutane masu surutu. Ni kaɗai da na yi aikin shiru, da tana ɗaki har yanzu."

Daga ƙarƙashin rumfar Mama ta ɗaga murya.

"Katung, naman nan da aka aiko, yana nan ko kun cinye? Ɗumamo shi. Ku kuma ku dawo ku zauna, ba a gama gaisawa ba."

Bai sake jin maganar tikiti ba. Amma ranar Litinin, kafin ya tafi aiki, ya tarar Mama ta sa Pauline ta ɗaura jan ƙyalle a tsakiyar bututun. Ta ce alama ce, don baɗi idan Sallah ta zo su san inda ba a rataye rago.