Saitin Bahago

Ɗana ne ya ɗaura haƙorin da ke kan injin kusurwa, ranar ƙarshe da ya zo aiki. Washegari ciwon ciki ya kama shi, muka kai shi asibiti, bai dawo ba. Iyakar abin da zan iya faɗa a kan wannan ke nan, sauran ba na tuna shi a jere.

Masana'antarmu ƙananan tagulla take bugawa, irin waɗanda ke cikin soket ɗin bango suna kama ƙafar fulogi. Tagullar tana zuwa a naɗe, doguwa, siririya kamar ɗamara. Inji ya ja ta ya tura tsakanin wasu ƙarafa biyu, na sama da na ƙasa, su haɗu da ƙarfi su yanke ta, su huda ta, su lanƙwasa ta, ɗan abu ya faɗo cikin tire. Waɗannan ƙarafan su muke kira haƙori. Mai saiti ne ke ɗaura su, ya yi ta daidaitawa har na sama ya sauka cikin na ƙasa ba kuskuren ko silin gashi. Aikin ɗana ke nan. Bahago ake ce masa a wurin, don da hagu yake komai.

Ni aikina tantancewa. Ina zaune a tebur, ana kawo mini tire, ina shafa gefen tagullar da babban yatsa. Idan haƙori ya fara dakushewa, gefen yakan fito da ɗan kaifi wanda ido bai cika gani ba, yatsa ne ke ji. Ƙaya muke ce masa. Kowace mai tantancewa tana da injinta, tana kuma da jan ƙyalle a aljihun teburinta. In ta ji ƙaya sai ta je ta rataya ƙyallen a jikin injin. Da an gan shi za a kashe inji, a kwance haƙori a kai ɗakin washi, a sake sabon saiti. Ba mai rataya wa wata ƙyallenta. Injin kusurwa nawa ne tun ɗana yana makaranta.

Akwai kuma ɗan fari. Tagulla ta farko da ta fito bayan saiti, idan aka auna ta ta yi daidai, mai saiti yakan ɗaure ta da waya a jikin injin, ta zauna nan har ranar da za a kwance haƙorin. Kowa murɗa wayarsa yake zuwa dama. Ɗana hagu yake murɗawa.

Na koma aiki tun ba a so na koma ba. Gidan ne ya ishe ni. Surukata, matar ɗan nawa, tana kwance ta juya wa ƙofa baya, masu gaisuwa suna shiga suna fita, kowa yana duban fuskata yana jiran in yi kuka. Ban yi ba. Ba riƙewa nake ba, babu ne kawai.

Da na shiga sai na tarar injin kusurwa yana aiki. Shugaban sashenmu ya ce odar da aka karɓa babba ce, ba a taɓa haƙorin ba tun da Bahago ya ɗaura shi. Na duba, ga ɗan fari nan yana lilo, ga wayar a murɗe zuwa hagu. Na zauna a kujerata. Tas, tas, tas, tun safe har tashi. Ba zan ce ina jin daɗin ƙarar ba, ba abin da nake ji. Amma in gari ya waye, ita ce ke sa in nemi takalmina.

Mu biyu ne a teburin, ni da Rediyo. Mun daɗe tare, kuma sunan ya dace da ita. Mai tuƙa injin kusurwa kuwa Kurma ake ce masa, ƙarar inji ta cinye masa rabin ji, shi ya sa in zai yi magana sai ya yi ihu. Shi ke kawo tire.

"Kai Kurma, matarka tana ba ni tausayi," in ji Rediyo. "Duk zagin da take maka a banza yake tafiya."

"Mijinki ya zo ya karɓi aikina," in ji shi, "ko Allah ya sa shi ma ya kurmance ya huta."

Suna yi suna satar kallona. Nakan ɗan murmusa saboda su.

A hankali wasu abubuwa suka canja, ina gani amma ban haɗa su ba. Da can tire yakan zo mini kai tsaye daga inji, tagullar da ɗuminta, da santsin mai a jikinta. Sai ta koma zuwa da sanyi, a bushe. Kurma ya fara ajiye tire a bayan kwalaye, wai sai ya taru. Rediyo ta daina cin abinci tare da mata a ƙarƙashin rumfa, ta ce ƙiba take ragewa. Na ga filasta a yatsanta ɗaya, daga baya na gani a uku.

"Wuƙar kicin ce, Yaya," ta ce. "Albasa ta rantse sai ta ga bayana."

Na ce sannu. Na ci gaba da shafa tagulla. Sumul take zuwa, ba ƙaya ko kaɗan, ni kuwa ban tambayi kaina yadda haƙori zai daɗe haka bai dakushe ba.

Lokacin hutun rana nakan fita in zauna kusa da famfo, ba don ina cin wani abu ba. Ranar nan aka yi ruwa, na dawo ciki da wuri. Injuna duk a kashe. Sai na ji wani ɗan sauti a bayan kwalaye, kamar ɓera yana gurgurar katako. Na leƙa.

Rediyo ce a zaune kan bokiti, Kurma a tsugune, tire a tsakaninsu. Kowa da ɗan magogin ƙarfe a hannu. Su ɗauki tagulla, su goge gefenta, su share da tsumma, su jefa a wani tiren. Garin tagulla ya yi rawaya a kan zanin Rediyo.

Na ce, "Me kuke yi?"

"Tsegumi," in ji Rediyo. "Kurma nake koya wa, kansa ba ya ja."

Ban yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Na sunkuya na ɗauki ɗaya daga tiren da ba su goge ba, na shafa. Ƙayar ta kama fatar yatsana ta ja, jini ya ɗan fito. Wannan ba ƙayar jiya ba ce.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ba ku faɗa ba."

"Ƙyallen naki ne, Yaya. Ni ba zan rataya miki ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Ke kuma ba na so ki rataya. To ya zan yi? Yatsu ne, za su warke."

Kurma bai ji abin da muka ce ba, amma ya ga jinin. Ya ce da ƙarfi, yadda ya saba, "Inna, na gaya mata! In aka ci gaba haka haƙorin karyewa zai yi. Dakushewa ana wasa ta, karyewa sai bola!"

"Rufe mana baki, kai ma da hannunka a ciki," in ji Rediyo.

"Ai ban ce babu ba."

Na san gaskiya ya faɗa. Haƙorin nan ɗana ya sha kai shi washi ya dawo da shi, yana shafa masa mai kamar jariri. In ya karye, a durom ɗin tarkace zai ƙare, kuma Kurma ne za a fara tambaya, yana da 'ya'ya a gida. In na rataya ƙyalle, za a kwance shi, wani ya sake ɗaurawa, aikin hannun ɗana na ƙarshe ya fita daga wurin. Na tsaya ina jiran zuciyata ta ce wani abu.

Aka buga ƙararrawa, mutane suka dawo. Na ɗauki tiren da ba a goge ba na kai teburina na zauna. Kurma ya tsaya a bakin inji yana kallona. Na ɗaga masa kai, ya kunna. Tas, tas, tas. Na ajiye hannuwana a kan cinya na saurara. Ban san tsawon lokacin ba. Rediyo tana gefena.

Daga nan na ja aljihun tebur. Ƙyallen yana ƙarƙashin tsohon tabarauna. Na tashi, na bi ta tsakanin injuna, na rataya shi a ƙusar da ke ƙasa da ɗan fari. Kurma ya danna maɓalli. Sauran injuna suna ta aiki, amma ni na ji kamar an toshe mini kunne da auduga.

Shugaba ya zo. Ya shafa tagulla ɗaya, ya dubi yatsun Rediyo, ya dubi garin da ke zaninta. Ya ce a kira mai saiti.

Sabon mai saitin mutum ne mai ladabi, ya gaishe ni har da rusunawa. Ya kai hannu ga wayar ɗan fari zai warware, ya juya ta yadda ya saba, sai ta ƙara tamkewa. Ya tsaya yana dubanta.

Na ce, "Kada ka warware, ɗan nan. Yanke ta daga can baya."

Ya sa filaya ya yanke nesa da murɗin, ya miƙo mini da hannu biyu. A ƙa'ida durom ake jefa shi a narkar. Shugaba ya juya yana duban wani abu a bango. Na ƙulle shi a gefen zanina.

Suka kwance haƙorin, suka ɗora a kan keken tura kaya, aka tafi da shi. Ragowar yinin shara muka yi da shirya kwalaye.

A gida na kwance gefen zani na nuna wa surukata. Ta tashi zaune, ta juya shi a tafin hannunta.

"Murɗinsa ne, Inna," ta ce. "Haka ya ɗaure mini marfin tukunya."

Ta ajiye shi a kan taga ta koma ta kwanta, amma wannan karon fuskarta tana wajen tagar.

Washegari da hantsi aka dawo da haƙori yana ƙyalli. Sabon mai saitin ya daɗe a kai. Da ɗan fari ya fito, ya auna, sannan ya kawo mini. Na shafa.

Na ce, "Ba ƙaya."

Ya ɗaure shi, ya murɗa zuwa dama. Na cire ƙyallena na mayar aljihun tebur. Kurma ya kunna. Na yi zaton ƙarar za ta canja, ko da kaɗan ne, na kasa kunne sosai. Tas, tas, tas. Ita ce dai. Tire ya zo da ɗuminsa da mansa. Rediyo ta fara ba ni labarin maƙwabciyarta mai kaji, tana ɓare filasta da haƙoranta.

Da gari ya sake wayewa na daɗe a zaune bakin gado. Surukata ce ta miƙo mini takalmana.