Kafaɗa Ɗaya, Jami'ai Biyu

Tun da aka kama 'yata Auta a wurin zanga-zanga hankalina bai kwanta ba. Ni gyaran firji na sani, ban san kotu ba. Lauyarta ta gaya mini gaskiya: idan aka same ta da laifin dukan jami'in tarayya, gidan yari ne, karatun jinyar da ta kusa gamawa kuma ya tafi ke nan.

"Baba, lemata ce fa ta taɓa shi," in ji Auta. "Ruwa ake yi, aka turo mu daga baya."

"Na ji. Ke dai ki riƙe bakin nan naki a gaban alƙali."

Ranar shari'a na zauna a bencin baya da uwarta. Aka kunna bidiyo. Ga jami'ai a jere cikin baƙaƙen kaya, fuskoki a rufe, ba suna, ba lamba. Ga lemar Auta ta sauka a kafaɗar ɗayansu.

Shaidan farko wani ƙaton jami'i ne. Ya nuna wanda lema ta taɓa, ya ce shi ne.

"Da me ka gane kanka?" in ji lauya.

"Na san inda na tsaya."

Aka shigo da na biyu, wanda aka ajiye a waje don kada ya ji bayanin na farko. An kawo shi ne ya ƙarfafa maganar abokin aikinsa. Lauya ta tsayar da hoton a daidai wurin.

"Wannan da lema ta taɓa, wane ne?"

Ya ƙura ido. "Ni ne. Abokin aikina ai yana can ƙarshen layi."

Alƙali ya cire tabarau ya dubi mai gabatar da ƙara. "Kafaɗa ɗaya nake gani. Ta wa ce a cikinsu?"

Mai gabatar da ƙarar ya nemi a ɗan ɗaga zama. Da aka dawo ya miƙe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce sun janye ƙarar.

A matakalar kotu na zauna daɓas ina dariya.

"Tashi, Malam, kada a ce kai aka saki," in ji uwarta, tana share ido da gefen mayafi.

Auta kuwa har ta kira makaranta. "Malama, ni ce. A mayar da sunana ɗakin yara na asibiti, gobe da safe ina nan."