Mai Aski Ya Hau Mangwaro

Duk unguwar an san Mai Aski da hali ɗaya: ba ya iya ganin abu a karkace ya kau da kai. In ka zauna a kujerarsa ka ce a ɗan rage maka gefe, sai ya rage, ya ja baya ya ƙanƙance ido, ya ce ɗaya gefen ya fi, ya bi wancan ma. Mutane da yawa sun shiga shagonsa neman saisaye sun fito da tal-kwabo. Ba a cika yi masa faɗa ba, tunda gashi ne, kafin wata ya dawo.

A tsakar gidansa akwai mangwaro, kuma ko shi ya san ba nasa ba ne. Matarsa ta dasa shi da hannunta tun shekarar da suka shigo gidan. Ɗakunan nasu in rana ta take ba sa zaunuwa, saboda haka inuwar nan ita ce shagonta, ita ce falonta. Nan take kafa keken ɗinkinta, nan masu kawo ɗinki suke samunta, nan ta yi renon 'ya'yanta duka.

Da za ta tafi duba 'yarsu da ta haihu, sai ta tsaya da jaka a hannu ta nuna masa wani busasshen reshe da ke goga rufin kwano in an yi iska.

"Shi kaɗai, Maigida. Busasshen nan. Ka dai ji ni ko?"

"Haba, Maman yara," in ji shi. "Ni za a koya wa yanka?"

Washegari ya aro tsani da zarto ya hau. Reshen ya faɗo lafiya lau, kuma da a nan ya tsaya da yanzu babu labari. Amma ya sauko, ya ja baya, ya ƙanƙance ido. Gefen hagu ya yi giɓi, na dama kuwa ya yi tozo. Abin ya tsaya masa a rai kamar ƙaya a maƙogwaro.

Yana cikin bin na daman ne maƙwabcinsa, wani tsohon malamin gona, ya leƙo ta kan katanga.

"Sannu da aiki, maƙwabci. Wannan ai ɗanye ne kake yankewa."

"Daidaitawa nake yi."

"To ka bi a hankali. Busasshe ake cirewa, da mai ciwo, da wanda ke gogar ɗan'uwansa. Ka fara tsaga reshen ta ƙasa kafin ka yanko ta sama, don kada ya ɓare ɓawon. Ka ga kumburin nan na gindin reshe? Bar masa shi, da shi yake rufe ciwonsa. Kuma ko an matsu ba a ɗebe wa bishiya fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a shekara."

Mai Aski ya yi irin murmushin da yake yi wa yaro mai tsoron aska.

"Malam, kai shuka ka sani. Yanka kuwa sana'ata ce. Duk abin da ke tsirowa ta sama dokarsa ɗaya."

Malamin gona ya ce Allah ya ba da sa'a, ya sauke kansa.

Dama ta yi ƙasa, sai hagu ta fi. Ya koma hagu. Hagu ta yi ƙasa, sai ƙeyar bishiyar, don haka yake kiran bayanta, ta fito zaƙo-zaƙo. Ya gyara ƙeya. Da gefe da gefe suka kwanta, tsakiyar ta miƙe ita kaɗai kamar tukkun yaro, shi kuwa bai taɓa sallamar mutum da tukku ba. Sai ya ce ai aski ya zo gaban goshi, ya hau can ƙololuwa ya fille mata kai.

Ya sauko ya ja baya. Gaskiya ta daidaita, babu gefen da ya fi wani. Kututture ne tsaye da guntayen hannuwa, rana kuwa ta sauka tsakar gidan tana dukan teburin keken ɗinki kai tsaye. Garin gyaran gira ya tsone ido.

Ya ruga bakin katanga.

"Malam! Kamar sati nawa yake yi ya dawo?"

Malamin ya leƙo, ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Sati? In bai mutu ba, ka ba shi shekara biyu. Abin da zai fara fitowa ma tsirarrun tsumagu ne marasa ƙwari, sai an riƙa zaɓa ana ragewa."

"To zan riƙa ragewa."

"Kai dai kada ka ƙara taɓa shi."

Mai Aski ya gwada ɗaura rassan da igiya, kafin yamma ganyen ya yi yaushi. Ya gwada rataya zanen gado, iska ta kai shi gidan malamin gona. Ya tsara jawabi kala-kala, har da wanda ya ɗora wa guguwa laifi, sai ya tuna guguwa ba ta yanka da zarto.

Ranar da matar ta dawo, ta shigo da sallama da fara'arta, sai sallamar ta tsaya a rabi. Ta ajiye jaka. Ta zagaya kututturen, ta shafa inda zarto ya bi. Ya ga idonta ya kawo ruwa, kuma wannan ya fi masa zagi ciwo, don da ma zagi ya shirya wa.

"Ai ya daidaita," ya ce da ƙaramar murya.

Ta shige ɗaki.

Da hantsi ya ɗaga washegari, ta fito ta zauna a wurinta na kullum, ta zare murfin keke. Sannan ta miƙo masa lema.

"Riƙe."

"Shago fa, Maman yara?"

"Shago yana da rufi."

Haka ya buɗe lema ya tsaya a kanta. Masu kawo ɗinki suna shigowa suna gaishe shi suna danne dariya, malamin gona ya leƙo ya ce wannan inuwar ba ta buƙatar ban ruwa. Hannu ya gaji, ya sauya. Ita kuwa tana taka keke tana ba shi labarin jikar, da hancinta irin nasa, da yadda take damƙe yatsa. Rabon da su yi hira mai tsawo haka har ya manta.

Can ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ki yafe ni."

Ta ciji zare ta tsinke, ba ta ɗago ba.

"Sai ya yi ganye. Shekara da shekaru kana tsaye a kan kawunan mutane, yau dai ka tsaya a kan nawa. Matso hagu, rana ta juya."