Layin Shekara Ɗari da Biyar

Shekara ashirin ke nan mai lissafin ofishin ƙididdiga yana haɗa jadawalin da ke nuna mutum nawa cikin dubu ke rasuwa a kowace shekara ta rayuwa. A kan ɗari da biyar yake rufe shi, don waɗanda suka wuce nan ba za su cika benci ɗaya ba. Layin ƙarshe cewa yake duk wanda ya iso nan ba zai ga baɗi ba.

Kwatsam sai kakarsa ta cika ɗari da biyar, ƙanwarsa uwar surutu kuma ta kai mata labari. Tsohuwa ta aiko cewa in bai gyara ba, kada ya ƙara taka mata ɗaki.

Ya hau bene yana haki, ya same ta a bakin gado tana ɗinke matashin kai, ko tabarau babu.

"Mai gidan, an ce ka rubuta ka sa hannu wai tawa ta ƙare."

"Haba Kaka, ba da ke nake ba. Lissafi ne, dole a tsaya a wani wuri."

"Mu nawa ne a layin?"

"Ku huɗu."

"Ka tambayi ko ɗayanmu?"

Ya sosa sanƙonsa, ya ce gobe zai roƙi shugabansa a ƙara layi ɗaya.

"Ƙara biyar gaba ɗaya," in ji ta. "Yadda kake hakin nan don ka hau bene ɗaya, ban tabbata zan same ka baɗi ka ƙara mini wani ba."